Katangar Bakin Ƙofa

Auta ya farke buhun siminti da bakin shebur, ya zuba ɗan kaɗan a kan tulin yashi, sannan ya saci kallon matar yayansa. Ita kuwa ta yi kamar ba ta san yana yi ba, ta ci gaba da gyara wa mijinta matashin da ke bayansa.

"Matarmu, kawo ruwa mana," in ji Auta. "Ko so kike in kwaɓa da yawu?"

"Wace ce matarka? Kai dai furfura ta cika gemu, baki ya ƙi girma."

Ta shiga ta ɗauko bokiti. Tsohuwar zolaya ce, tun tana amarya suke yinta, amma yau daga ita har shi babu wanda ya ji daɗinta a baki. Akwai abin da suka ƙulla jiya ta waya, kuma wanda suka ƙulla abin a kansa ga shi nan zaune a ƙofar gida cikin keken marasa lafiya, hannunsa na dama yashe a kan cinya kamar ba nasa ba.

Magini ake ce masa a layin, har yanzu, ko da yake ya daɗe rabonsa da cokalin gini. A wurin aiki ya yanke jiki ya faɗi, aka kawo shi gida ɓarin jiki a shanye. Ƙafa ta tafi, hannu ya tafi, harshe ma ya yi nauyi. Magana takan fito masa a dunƙule, babu mai iya warware ta sai matarsa. Ko a asibiti, likita kan saurara ya saurara, daga ƙarshe ya juyo ya ce, "Mama, me yake cewa?" Tun daga lokacin ita ce bakinsa. Abin da ya faɗa shi take faɗa, ko mai daɗi ko mara daɗi, kuma bai taɓa samun ta da ragi ko ƙari ba.

Layin nasu a kwari yake, duk ruwan da ya sauka a saman unguwa nan yake gangarowa. Shi ya sa kowace ƙofa ka duba za ka ga 'yar katanga a gicciye, tsayin gwiwa ko fiye, an shafe ta sumul, mutane na ɗaga ƙafa suna tsallakawa in za su shiga gidajensu. Kusan duka shi ya gina su da hannunsa. Ya yi wa mai shago, ya yi wa tela, ya yi wa gidan da ko gaisuwa ba sa yi da su, yana cewa tasa sai ya samu sarari. Sararin bai zo ba, ciwo ya riga shi.

Bara da katako da buhunan yashi suka tare ƙofar. Wasan yara. Da hantsi ruwan ya zo, tana tsakar gida tana wanki, ya ture katakon ya shigo da leda da ƙazantar kwata. Kafin ta kai ɗaki ya haura gado. Har yau ba ta san da wane ƙarfi ta jawo ƙaton mutum irinsa ta ɗora a kan tebur ba. Ta dai san ta tsaya cikin ruwa har cinya, ta rungume shi don kada ya zame, tana kiran maƙwabta, su ma kowa na ta kansa. Da maza suka iso sai da suka ɓamɓare hannunta daga jikinsa. Daga ranar bayanta bai sake komawa daidai ba, a zaune take salla.

To bana tun da aka fara ganin gajimare ya hana ta sakat. A kira Auta, a gina katanga. Da safe katanga, da yamma katanga. Ita kuma abin da ke cin ta daban ne, kuma ba ta da wanda za ta gaya wa sai Auta: katangar da ta hana ruwa shiga ita za ta hana keke fita. Kullum da la'asar takan tura shi zuwa rumfar mai gyaran rediyo a bakin layi, inda tsofaffin abokansa ke zama. Ba ya cewa komai a can, sai dai ya saurara, wani lokaci ya yi wata irin dariya mai kama da tari har hawaye ya zubo masa. Takan dawo ta yi aikinta, ta koma ta ɗauko shi gab da magariba, ya ci abinci sosai, ya yi barci. Ranar da bai fita ba kuwa ko loma ba ta wucewa. Wannan 'yar fitar ita kaɗai ciwo ya bar masa.

Babu dabarar da ba ta juya ba. Zauren siriri ne, ƙofar kuma a kan kwata take buɗewa, babu inda za a yi gangaren da keke zai hau ya sauka. Ɗagawa kuwa, sai dai a nemo ƙarti.

Shi ne suka shirya da Auta. Zai jera bulo layi ɗaya, a kwance, da kwaɓi mara ƙarfi, yashi da yawa siminti kaɗan. Abin da dai ido zai gani hankalin mai gida ya kwanta. Da ɗan katako za ta iya haurar da keke, in ruwa ya yi yawa ta ɗora buhuna a kai, in abin ya ƙi kuma ƙafa ɗaya ta isa ta kawar da shi. Auta ya yi ta jan ƙafa, yana cewa, "Yaya fa za mu yi wa wayo a kan gini?" Ta ce masa ciwo ya rage masa lura. Ita ma da ta faɗa ba ta yarda da kanta ba.

Auta ya zuba ruwa ya fara juyawa. Magini ya kafa wa kwaɓin ido. Can sai ya motsa baki, sauti ya fito.

"Me Yaya ya ce?"

Ta ji sarai. Cewa ya yi yashi ya yi yawa.

"Ya ce sannu da aiki," ta ce.

A hankali magini ya juyo da kai ya dube ta. Ta sunkuya tana kakkaɓe masa ƙurar da babu ita a ƙafar wando.

Auta ya share bakin ƙofa sama-sama, ya watsa kwaɓi a kan daɓen, ya aza bulo. Bai sassare daɓen ba, bai jiƙa bulon ba, bai ja igiya ba. Shi kansa ya kasa ɗaga ido, don a gaban mutumin da ya koya masa riƙon cokali yake wannan aika-aika. Magini ya sake magana, wannan karon da ƙarfi, har yawu ya gangaro ta gefen bakinsa.

"Ya ce ka hanzarta, hadari na haɗuwa," ta ce, tana goge masa baki.

Ana haka sai ga tsohon direba ya ɓullo, yana dogara sanda, yana jan ƙafar da ta daɗe da gajiya da shi. Shi ne babban abokin magini, kuma duk layin babu wanda ya kai shi surutu.

"A'a, yau gini ake a gidan magini? Lallai duniya ta zo ƙarshe." Ya tsaya ya leƙa aikin, ya taɓe baki. "Auta, wannan katanga ce ko matashin kai? Ai ko kaza ba sai ta ɗaga ƙafa ba." Ya juya ga abokinsa. "Kai kuma ka zauna kana kallo? Ka shirya dai, mai rediyo ya zo da sabuwar ƙarya yau, wai shi ya taɓa gyara rediyon jirgin sama."

Magini ya yi doguwar magana, yana nuni da hannun hagu, jijiyar wuyansa ta tashi. Direba ya karkata kunne, bai tsinci komai ba, ya dubi matar.

"Ya ce yana nan zuwa," ta ce.

Daga nan magini ya kau da kai. Ya daina kallonta gaba ɗaya. Ya kama tayar keke da hannun hagu ya ja, keken ya karkace ya tsaya, ya sake ja, ya sake ja, har ya matso bakin ƙofa. Ta kai hannu za ta taimaka, ya kaɗa kafaɗa. Ya miƙa lafiyayyar ƙafarsa ya tokari bulon. Ko ƙarfi bai sa ba, bulon ya zame ya faɗi gefe.

Ya buɗe tafin hannu ya miƙa wa ƙaninsa. Auta ya gane, don dubban lokuta an yi masa haka yana koyo. Ya ɗebo kwaɓi da cokali ya zuba masa. Magini ya dunƙule hannu ya matse, sannan ya buɗe. Kwaɓin ya wargaje ya zube ta tsakanin yatsunsa.

"Yaya, wallahi ni..." Auta ya kasa ƙarasawa. Mutum mai jikoki ya tsaya yana sosa ƙeya.

Sai a lokacin magini ya ɗago ya dubi matarsa. Ya yi magana a hankali, kalma ɗaya bayan ɗaya, yana kokawa da kowacce. Direba da Auta ba su ji komai ba sai gurnani. Ita ta ji duka.

"Faɗi abin da na ce. Ƙafa ta tafi. Hannu ya tafi. In ke ma kin ɗauke mini baki, me ya rage?"

Kunya ta rufe ta, sai kuma haushi ya biyo baya, don ita ma ai ba don kanta ta yi ba.

"To na ji, na yi ƙarya," ta ce. "Ni na sa Auta, kada ka ga laifinsa. Amma kai ka san abin da kake nema? In aka gina abin nan wa zai fitar da kai? Ni? Ko kana tsammani in damina ta wuce za a rushe? Nuna mini gida ɗaya a layin nan da aka taɓa rushewa. Kai ka gina musu, ka fi ni sani. So kake ka zauna a ɗaki kana kallon rufi har Allah ya yi ikonsa?"

"Bara," ya ce.

"Bara ta wuce."

"Bayanki."

"Ina ruwanka da bayana? Na taɓa ce maka na gaji?"

"Ba ki ce ba." Ya kafa mata ido. "Ina kan tebur. Ina kallon ki. Leɓenki ya yi fari. Ba zan sake ba."

Ba su taɓa maganar ranar ba, ko sau ɗaya. Ta ɗauka ma bai san abin da ake ciki ba a lokacin, ashe duk yana gani. Ta juya baya ta kama bango, hawaye ya ƙwace mata a gaban ƙanin miji da baƙo, abin da ba ta taɓa bari ya faru ba.

Direba ya gyara murya. Ko ba a fassara masa ba ya gane inda aka dosa.

"Haba, abin ai bai kai nan ba. Mu muna ina? Kullum da la'asar mu zo mu ɗaga shi cak, mu tsallakar da shi. Ni da mai rediyo, ga kuma samarin layi."

Ta dubi sandarsa, ta dubi gwiwoyinsa. Mai rediyo kuwa ko tukunyar shayi ya ɗaga sai ya zauna ya yi haki. Samarin layi da la'asar suna wurin nema, waɗanda ke gida kuma sau nawa za ka roƙi ɗan wani kafin ya fara canza hanya in ya hango ka?

"Ni ma zan riƙa leƙowa ranar hutu," in ji Auta.

"Allah ya ba da iko," ta ce. Ta san za su zo makon farko, da zuciya ɗaya ma. Ta kuma san yadda sauran makonnin za su kasance.

Ta share fuska da gefen mayafi ta durƙusa kusa da keken, duk da bayan.

"To ka bari sai gobe. Yau in kai ka rumfa, ka ji ƙaryar mai rediyo, gobe da safe Auta ya dawo."

Ya ɗaga kai ya dubi gabas. Gajimare ya yi duhu daga can nesa, iska ta fara kaɗa ledojin kwata. Siminti na bukatar kwanaki kafin ya kama, ko ita matar magini ta san wannan. Ya juya ya kalli bakin layi, inda ake hango rufin rumfar da ƙafafun mutane a ƙarƙashinsa. Ya daɗe yana kallo, babu wanda ya katse shi.

"Shigar da ni," ya ce.

"Me ya ce?" in ji direba.

"Ya ce in shigar da shi."

Ta kama hannuwan keken ta ja da baya, tayoyin suka haura dokin ƙofa da ɗan karo. A cikin zaure ta tsayar da shi yana fuskantar waje, ta taka birki. Direba ya ce bari ya je ya dawo, ya tafi yana jan ƙafa.

Auta ya kwashe kwaɓin farko ya watsar a kwata. Ya ɗauko guduma da kurfi ya sassare daɓen har sai da tsakuwa ta bayyana, ya fasa gefen bango hagu da dama don bulo ya shiga ciki ya riƙe. Ya wanke wurin, ya kwaɓa sabo, wannan karon bai yi wa siminti rowa ba. Ya kawo a cokali, magini ya matse a hannu, ya buɗe, dunƙulen ya tsaya da shatin yatsunsa. Ya gyaɗa kai.

Daga nan aiki ya koma hannun mai shi. Yana faɗa, tana faɗa, Auta na yi.

"Ya ce ka jiƙa bulon, ba wanka ya ce ka yi masa ba."

"Ya ce ka ja igiya."

"Ya ce ka cika ramukan bulon da kankare, ta nan ruwa ke bi."

"Ya ce na gefen nan ya karkace, wai ko da ido ɗaya kake gini?"

"Yaya, daidai yake fa."

"Ya ce kai jaki ne, ka ɗora ma'auni ka gani."

Auta ya ɗora, ya ga ya karkace ɗin, ya yi dariya yana girgiza kai, idonsa kuwa jajir. "Shekara nawa rabon da a ce mini jaki. Wallahi har na ji daɗi."

Abin da ya fi yi mata ciwo shi ne fuskar mijin. Tun da ya kwanta ba ta gan shi haka ba. Ya miƙe zaune sosai, idonsa na bin cokali, yatsun hagunsa na motsi a kan cinya kamar su ke shafa kwaɓin. Har maganar ta ɗan saki. Ga mutumin da ta aura ya dawo, a wuni ɗaya tak, kuma abin da ya dawo da shi aikin toshe kansa ne. Ta rasa ko ta gode wa Allah ko ta yi kuka, sai ta ci gaba da maimaita abin da yake faɗa.

Katangar ta tashi. Auta na waje, su suna ciki. Da farko tana ganin takalmansa, can ta daina gani, can gwiwoyinsa ma suka ɓace. Zauren ya fara duhu daga ƙasa. Ya shafe ciki da waje, ya bi kusurwoyi da bakin cokali yana dannawa kamar yadda aka umarce shi, don kada a bar ko kafar allura.

Aka kira la'asar. Daga bakin layi aka jiyo muryar direba, sai dariyar mutane ta biyo baya, da alama mai rediyo ya kai ga jirgin saman.

Auta ya miƙe ya dafa ƙugu, ya nuna tabon da ruwan bara ya bari a bangon zaure, wani dogon zane ruwan ƙasa da fenti ya kasa ɓoyewa.

"Yaya, mun wuce inda ya tsaya bara, har da ɗan ƙari. Ya isa haka ko?" Ya dubi matar yayansa, ya rage murya. "A bar shi nan. A haka in an samu ƙarti biyu za su iya ɗaga shi da keken. In na ƙara, kansa zai bugi saman ƙofa, ba zai wuce a zaune ba. Sai dai a kwance."

Magini ya ji. Ya dubi saman ƙofar, ya dubi katangar, ya auna tsakaninsu da ido, kuma ta san awonsa ba ya kuskure. Sannan ya kalli titi. Bayan ruwan bara an yi wa titin ciko an ɗaga shi, gidaje biyun da suka rage a buɗe su ma sun toshe nasu. Ruwan bana ba shi da wurin zuwa sai sama. Aka sake fashewa da dariya a rumfa, ya ɗan karkata kai wajen sautin, ya tsaya a haka har dariyar ta lafa. Sai ya yi magana, gajeriya, bai kalli kowa ba.

"Me ya ce?" in ji Auta.

Babu wanda ya ji sai ita. Auta ya riga ya tsoma cokalin a bokiti zai wanke, kalma ɗaya yake jira. Mijin bai juyo ya dube ta ba, bai yi mata ko alama ba, ya bar mata abin a hannunta. Ta ɗora hannu a kan kafaɗarsa, ta ji ɗuminta ta cikin riga.

"Ya ce ka ƙara layi ɗaya," ta ce.

Auta ya daɗe riƙe da cokalin a cikin ruwa. Sannan ya fito da shi, ya sunkuya ya jiƙa wani bulon.